Tsummokin Akwatin Gwaggo

4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Akawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lafiya lau, in an cire gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk sanda na hau tsani a shago. Kin ce duk maganar da ta shafi tarihin gidanmu a yi ta a takarda, ba a waya ba, don ita ma takardar ta shiga fayil. To, ga ni na bi doka. Rabona da rubutun da ya wuce layi biyar tun ina aji uku na sakandare, saboda haka in kin ga kuskure ki haɗiye, kada ki ɗauko mini jan biro.

Gwaggo ta dawo gidana ranar Talata. Ta zame a banɗaki, Allah ya taimaka ba karaya, amma likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare mata. Yanar ido ta rufe mata gani, hannuna ma sai na kai shi dab da hancinta take cewa ta ga inuwa. Hankalin kuma zuwa yake yana komawa. Da safe ta san ni, har ta yi mini faɗa wai na yi tumbi. Da yamma sai ta tambayi matata ko 'yar gidan wa ce.

Kayanta duka ba su cika bayan mota ba. Abu ɗaya ta kafe a kai, akwatin ƙarfen nan mai ruwan toka da ke ƙarƙashin gadonta tun muna yara, wanda ta taɓa zane ni da igiyar guga don na zauna a kansa. Gindinsa ya ci tsatsa, ɗakin ma yoyo yake. Na buɗe shi a tsakar gida. Akawu, wari kawai ya isa ya kori baƙo. Takardu ne da hotuna da ambulan, an ɗaure su ƙulli-ƙulli da tsummokin zane, kamar kayan mai magani. Na ƙirga ƙulli talatin da huɗu. Kyankyasai sun yi gida a ciki har da jikoki.

Shekara nawa kina damun mutane da tambayar wa ya haifi wa, kina cika littattafai. Ga taskarki ta fito. Ni ba ruwana da matattu, masu rai ma sun ishe ni. Amma tunda kayan a gidana suke, ba zan bar su a wannan hali ba. Mutumin da ya fara da faranti ɗaya na ƙusa a bakin titi, yau yana da shago mai durowa ɗari huɗu kuma ya san abin da ke cikin kowace, ba tsohuwar takarda ce za ta gagare shi ba.

Ki gaida yara. Ki ce wa babban in ya ƙara faɗuwa lissafi ya zo in koya masa da noti.

Yayanki,
Mai Ƙusa


13 ga Afrilu

Yaya,

Na samu takardarka, na gode. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fama da tari. Allah ya saka maka da ɗaukar Gwaggo, ya ba matarka haƙuri, don na san a kanta nauyin zai sauka.

A tsaye nake rubutun nan, ana canza mana kantoci a ɗakin fayil na asibiti, mu biyu ne a kan aikin mutum shida. Don haka ka yafe gajartar.

Don Allah, Yaya, kada ka kwance ko ƙulli ɗaya. Kada ka cire komai, kada ka goge komai, kada ka jefar da komai, ko da zare ne. Ka samu kwali mai tsabta ka jera su yadda ka same su, ka ɗora a wuri mai bushewa. Hutuna yana Yuli, zan zo mu zauna da Gwaggo a yi abin a tsanake. Wannan aiki yana da ƙa'idarsa, ba irin na shago ba ne. Ka bar mini shi kawai.

Ƙanwarka,
Akawu


2 ga Mayu

Akawu,

Gaisuwa. Ina fata tarin yarinya ya tafi. Gwaggo na nan, tana cin abinci, tana zagin rediyo.

Na karanta takardarki sau uku. “Ba irin na shago ba ne.” “Ka bar mini shi kawai.” Wato mu da ba mu yi jami'a ba, hannunmu dattin mai ne, kada mu taɓa takarda. Ba komai. Na saba. Haka manajan banki ya taɓa kallona, yau shi ke miƙewa in na shiga. Amma daga gare ki ban zata ba, ke da na goya a wuyana zuwa makaranta ranar da ruwa ya cika layinmu.

To bari in gaya miki abin da ɗan shago ya yi, don in kin zo a Yuli ki tarar da aiki a gama, ki huta.

Na sa kafinta ya yi mini kabad na katako mai kyau, durowa goma sha biyu, kowace da lambarta. Lahadi uku na rufe shago da azahar na zauna a kai. Na kwance ƙullin nan duka. Abin da na gani a ciki, wallahi ko sabon shiga kasuwa ba zai yi irin wannan haɗin gambiza ba. Hoto ɗaya, wasiƙa biyu, katin asibiti, wani guntun jarida, duk a cakuɗe wuri ɗaya. A sana'ata ba a haɗa noti da washa a durowa guda. Kowane kaya da jinsinsa, kowane jinsi da girmansa. Haka na yi. Hotuna sun koma durowa ta ɗaya zuwa ta uku: manya, matsakaita, ƙanana. Na maza daban, na mata daban. Wasiƙu na fitar da su daga ambulan na miƙar da su a ƙarƙashin katako, suna durowa ta huɗu da ta biyar. Ambulan ɗin da babu komai a ciki suna ta shida. Katunan asibiti da na makaranta ta bakwai. Sauran kin gani in kin zo.

Gwaggo ta maƙale takardun da fil, irin na masu ɗinki, duk sun yi tsatsa suna cin takarda. Ni kuwa ƙarfe na sani, tsatsa ba ta da aboki. Na zare su ɗaya bayan ɗaya, tamanin da wani abu, na zubar. Tsummokin kuma na tara na ba matata ta ƙona.

Yanzu in kin ce a ba ki hoton mace ƙarami, kafin ki ƙifta ido na miƙo miki. In kin ce katin makaranta, haka. A asibitinku minti nawa mutum ke tsayawa kafin a nemo masa fayil? Na taɓa tsayawa awa biyu a irin layin nan, don haka kada a yi mini maganar ƙa'ida.

Abu ɗaya ne ya rage, sunaye. Hotunan kusan duk bayansu fari ne, ba rubutu. Wannan kuwa aikinki ne, ke mai littattafai, sai ki zo ki rubuta.

Yayanki ɗan shago


19 ga Yuni

Akawu,

Ina gaisuwa, in har ana karɓar gaisuwata a gidanku. Mu dai muna nan. Gwiwa ta kumbura, na daina hawa tsani. Gwaggo ta rage magana.

Mako bakwai ke nan. Na tambayi direban da ke kai miki saƙo, ya rantse a hannunki ya sa takardata. Waya tana aljihuna, lambarki tana ciki, amma ba zan buga ba. Ke kika kafa dokar takarda, ni kuma ba na karya doka in na karɓe ta.

In haushi kike ji don na yi aikin da kika ce ya fi ƙarfina, ki faɗa. In kuma kunya ce ta hana ki cewa sannu, na yafe, ba sannunki nake ci ba. Amma shiru ba amsa ba ce tsakanin 'yan'uwa. Mu nawa muka rage? Ubanki ya tafi, ubana ya tafi, Gwaggo ga ta nan rabi a nan rabi a can. Na gaji, Akawu. Da safe shago, da yamma magani da wankin zanin gado, matata har ta rame. Ba ni da ƙarfin yin gaba da kowa.

Shekaranjiya Gwaggo ta ce a kawo mata akwatinta. Na ce yana wurin gyara. Ta ce, “Kada dai a taɓa mini mutanena.” Na yi dariya, na ce mutanenta suna nan lafiya, kowa da ɗakinsa. Ba ta yi dariya ba.

Ki rubuto.

Mai Ƙusa


27 ga Yuni

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da Gwaggo. Muna lafiya. Ba gaba nake yi ba. Sau huɗu na fara takardar nan ina yagawa, don ban san ta inda zan ɗauko ta ba.

Da farko laifina. Na rubuta maka umarni ba tare da dalili ba, kamar ina magana da sabon ma'aikaci, kuma na san halinka. Da na ƙara layi uku, da ba mu zo nan ba. Maganar shago da na yi ba raini ba ce, amma na sake karanta ta da idonka, na ga yadda ta fito.

Yaya, Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma abin da ta yi a akwatin nan shi ne ainihin abin da ake biyana albashi in yi. Kowane ƙulli mutum ɗaya ne. Hotonsa, wasiƙunsa, katinsa, duk abin da ya bari. Tsumman da ta ɗaure shi da shi kuwa daga tufafin mutumin ta yage shi bayan ya rasu ko ya yi nisa. Shi ne sunan. Da hannu take karantawa. Shekara shida da suka wuce ta buɗe mini akwatin sau ɗaya, tana shafa kowane ƙulli tana faɗin mai shi. Na rubuta goma sha ɗaya, aka kira ni a waya, na ce zan dawo mu ƙarasa. Ban dawo ba sai yau. Wannan ma laifina ne.

Saura abin da ya hana ni rubutu. A cikin goma sha ɗayan nan akwai ƙulli mai koren tsumma da ɗigon fari. Na mahaifiyarka ne. Akwai katin asibitin da ta haife ka, da hotonta ƙarami maƙale a jikinsa da fil. Gwaggo ba ta kwance mini ba, ban ga fuskar ba, ta dai gaya mini abin da ke ciki.

Na san mahaifinka, Baffa Direba, ya gaya maka babu hotonta a duniya. Bayan rasuwarta, kana wata bakwai, ya tattara duk abin da ya shafe ta ya ƙona, don ya ce ba zai iya tuƙi yana ganinta ba. Gwaggo da ta karɓi renonka ta sace wannan ɗaya. Ta yi masa alkawari ba za ta nuna maka ba sai in kai ka tambaya da bakinka, ni ma ta ɗaure ni da alkawarin. Kai kuwa ba ka taɓa tambaya ba. Kullum cewa kake kai ka yi kanka, ba ka da abin nema a baya.

Hoton yana gidanka, Yaya, a durowar ƙananan hotunan mata. Ban san wanne ba ne.

An soke hutuna, abokiyar aikina ta haihu. Sai Oktoba in Allah ya kai mu. Kada ka ƙara motsa komai. A wannan karon roƙo nake yi.

Ƙanwarka


15 ga Yuli

Akawu,

Gaisuwa. Lafiya ƙalau ba za a ce ba, amma muna numfashi.

Takardarki ta same ni a shago, ana cikin ciniki. Na karanta a tsaye. Wani ya ce a ba shi ƙusa 'yar inci uku, na auna masa 'yar inci biyar, sai da ya dawo da ita. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin haka ba.

Na koma gida na jawo durowa ta uku. Ƙananan hotunan mata goma sha tara ne. Na jera su a kan tabarma. Shekarata hamsin da huɗu, Akawu, na zauna ina kallon mata goma sha tara kamar maraya a tasha, ina jiran wata ta ce mini taho. Ba wadda ta ce. Na ɗauko madubi ina duba hancina ina duba nasu. Matata ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ja mini ƙofa ta koma, Allah ya yi mata albarka.

Ba zan ce miki ban ji haushinki ba. Shekara shida kina riƙe da wannan magana, muna haɗuwa, muna cin abinci a kwano ɗaya. Amma na juya ta ta kowane gefe, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu. Akwatin nan ina kwana kusa da shi shekara goma sha biyar. Baki gare ni. Ban tambaya ba don kada a ce ina neman abin da ba ni da shi.

Na kai wa Gwaggo hotunan. Ta shafa su ta ce duk santsinsu ɗaya. Na ce, “Gwaggo, yaya kamannin uwata?” Ta ce doguwa ce. Hotunan duk daga ƙirji ne zuwa sama. Washegari ta ce tana da wushirya, na yi murna, don uku ne kawai suka buɗe baki a hoton. Da yamma ta ce a'a, mai wushiryar matar mai gyaran keke ce da suka yi haya tare. Na bar ta, don na ga tambayar tana wahalar da ita.

Kin ce kada in motsa komai, kuma ban motsa ba, aunawa kawai na yi. Ga abin da ya zo mini. Fil in ya shiga takarda huda biyu yake yi, shiga da fita, kuma in ya yi tsatsa yana barin zane a tsakaninsu. Hudar da ke jikin hoto dole ta hau hudar da ke jikin katin da aka maƙala shi. Noti ba ya hawa ƙarfen da ba nasa ba, wannan dai ko jami'a ba za ta musa mini ba. Na nemo katin a durowa ta bakwai. Sunanta na jiki, da ranar da aka haife ni, da nauyina. Ashe ƙaramin jariri ne ni, kilo biyu da ɗigo huɗu. Na ari gilashin maƙwabcina mai gyaran agogo, na ɗauko ma'aunin da nake auna kaurin ƙarfe da shi, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Bakwai ba su da huda ko kaɗan. Goma hudarsu ta yi faɗi ko ta matse, ko tana wani gefe. Saura biyu. Duka biyun sun hau katin daram, huda kan huda, tsatsa kan tsatsa. Na auna sau ashirin ko fiye. Hannu ɗaya ne ya soke su, da fil iri ɗaya, a kusurwa ɗaya. Gwaggo ta fi injin daidaito, abin da ya kashe ni ke nan.

Ɗaya tana murmushi, kanta a ɗan karkace, da 'yan kunne masu tsawo. Ɗayar ta haɗe rai tana kallon mai hoto kamar ya taka mata ƙafa. Matata ta ce mai haɗe ran ce, wai ga goshina nan sak. Ni zuciyata tana wurin mai murmushin. Na ɗauki biro zan rubuta a bayanta, sai na tuna abin da hannun nan ya riga ya yi, na ajiye.

Ke ce mai ƙa'ida. Gaya mini, a aikinku in abu ya tsaya tsakanin biyu, ya ake yi? Tambaya nake yi, ki lura. Ki sa ranar a fayil.

Yayanki


24 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya, ina fata gwiwa ta sassauta. Na karanta wa abokan aikina yadda ka yi da hudar fil, ban faɗi ko waye ba. Shugabanmu ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa tunanin haka ba. Daga goma sha tara zuwa biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma da hanyar nan za mu iya mayar da wasu mutanen Gwaggo gidajensu in na zo.

Na bi duk wanda zai iya sanin fuskarta. Danginta ka san ba yawa gare su ba, ƙaninta ɗaya da ya rage ya rasu bara waccan, 'ya'yansa kuma ba su taɓa ganinta ba. Ban samu kowa ba.

Amsar tambayarka ba daɗi gare ta ba. Ba a zaɓa. Ana rubuta abin da aka sani, da yadda aka san shi, da abin da ba a sani ba, a kan wata takarda daban, da fensir. Ba a rubutu a jikin hoto. In ka zaɓi ɗaya yau don zuciyarka ta kwanta, jikokinka za su karɓe ta a matsayin gaskiya, kuma in kuskure ne babu mai gyarawa har abada. Na san abin da nake nema a wurinka yana da nauyi. Uwarka ce, ba fayil ba. In ka zaɓa ba zan ce maka komai ba.

Ƙanwarka,
Akawu


30 ga Agusta

Ƙanwata Akawu,

Bayan gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, wannan karon ni ne mai shirun. Gwiwa na nan yadda take. Gwaggo ta daina tashi, sai an juya ta. Likita ya ce a yi ta ba ta abin da take so. In za ki iya matso da Oktoban nan, ki matso da shi.

Abu biyu suka faru.

Na farko, ashe matata ba ta ƙona tsummokin ba. Ta ce da ta kai su bakin murhu sai ta ga kowanne an yi masa ƙaramin kalmasa da zare, ta ce ba a yi wa tsumman banza kalmasa. Ta wanke su ta sa a cikin matashin kai. Ta ɓoye mini don kada in ce ta raina umarnina. Kin ga irin gidan da na gina, kowa yana ɓoye mini abin kirki don tsoron bakina. Talatin da huɗu cif suna nan. Koren mai ɗigon fari yana hannuna yanzu haka. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba.

Na biyu, ranar Alhamis da hantsi na shiga ba Gwaggo magani. Ta ji muryata, sai ta ce, “Direba, ka dawo?” Ta ɗauka ubana ne. Na ce na dawo. Ta kama hannuna ta ce, “Direba, ka huce haka nan. Yaron nan ya girma, har ya fara sayar da ƙusa a bakin titi. Ba zai tambaya ba, irinka ne, girman kai kamar raƙumi. Ka sake ni daga alkawarin nan in ba shi uwarsa.”

Akawu, ban san lokacin da na ce, “Na sake ki, ki ba shi” ba.

Ta ce a miƙo mata koren. Na fita, na ɗauko katin, na ɗora hotunan biyu a kansa, na naɗe da tsumman na ƙulla, na kawo mata. Ta shafa zanen, ta kai hanci ta shinshina, ta ce shi ne. Sai yatsunta suka kai kan ƙullin, ta tsaya. “Wa ya taɓa mini? Wannan ba ƙullina ba ne, wannan ƙullin buhu ne.” Na ce ni ne. Ta ce, “Hannunka bai iya komai ba sai sitiyari.” Ta kwance da kanta, ta fi minti goma tana fama, ban taimaka mata ba don na san ba za ta yarda ba. Ta sake ɗaure shi irin nata, mai kunne ɗaya. Ba ta lura hotunan biyu ne ba.

Ta ce a kira yaron. Na fita tsakar gida, na tsaya kaɗan, na dawo na durƙusa na ce, “Gwaggo, ga ni.” Ta sa mini a hannu ta ce, “Ungo uwarka. Kada ka zauna a kai.”

Ban zaɓa ba. Ƙullin yana durowa ta ɗaya shi kaɗai, na kwashe manyan hotuna na matsa da su gaba. Ba zan kwance shi ba, don ba mai sake ɗaure shi haka. Kafin in naɗe su na riga na kai an wanke mini kwafin kowacce, suna shago a saman teburina, gefe da gefe. Masu ciniki suna tambaya, in ce uwata ce. In sun ce wacce, in ce su faɗi abin da suka zo saya.

Na sayi fensir. Ga abin da na rubuta a takardar da na ajiye tare da ƙullin, ki duba in ya yi daidai da ƙa'ida:

“A cikin ƙullin nan akwai katin haihuwata da hoton mata biyu. Ɗaya daga cikinsu ce ta haife ni. An san haka ta bakin Gwaggo, da zanen da aka ɗaure su da shi, da hudar fil da na auna. Ba a san wacce ba ce. A da an sani, Gwaggo ta adana shaidar shekara hamsin da huɗu, ni ɗan da ta rena na raba su da hannuna a watan Afrilu, bayan an ce kada in taɓa. Duk wanda ya zo bayana kada ya zaɓa, kuma kada ya kwance.”

In akwai kuskuren rubutu, wannan karon ki ɗauko jan biron, na yarda. Amma layin da ya ce ni ne, ki bar shi yadda yake.

Ki taho da littafinki mai suna goma sha ɗaya. Tsummoki talatin da uku suna jira a cikin matashin kai, ma'aunina kuma yana nan.

Yayanki,
Mai Ƙusa